Yadda za ka gwada sabuwar ƙaramar bindiga kafin ka saya mata kayan ƙari

Tun da aka san ina yawan zuwa filin harbi, 'yan'uwa Hausawa mazauna Amurka ba su daina jefo mini tambaya iri ɗaya ba: na sayi fistol, me zan fara canja mata? Wannan ya ce kunama, wancan ya ce saiti, wani ma bindigar ba ta iso hannunsa ba ya riga ya yi odar kayan ɗaruruwan daloli saboda ya ga wani yana yabonsu a YouTube. Wannan daidai yake da mutum ya sayi sabuwar mota ya wuce da ita gareji a sauke inji tun bai tuƙa ta ba. Amsata ga kowa ita ce kada ka taɓa komai sai ka gwada bindigar yadda ta fito daga kamfani, ka rubuta abin da idonka ya gani, sannan ka san inda kuɗinka zai yi amfani.

Zan yi misali da Glock 19 Gen5, samfurin da ya fito a 2017, domin ita ce aka fi tambayata a kanta. Tana cin harsashi mai milimita 9, magazin ɗinta, wato gidan da ake ɗura harsasai, na ɗaukar 15, tsawon bututunta inci 4 da ɗan kaɗan. Matakan dai ɗaya ne ko da SIG Sauer ce a hannunka, ko CZ, ko Smith & Wesson.

1. Fara da doka

A Amurka sai ka kai shekara 21 dillali mai lasisi zai sayar maka da ƙaramar bindiga. Za ka cike fom mai lamba 4473, a bincika sunanka a rumbun NICS na hukumar FBI. Mai katin zama na dindindin yana da damar saye. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara kuwa dokar tarayya ta hana shi mallaka, sai a wasu 'yan keɓantattun halaye, kuma ko hayar bindiga a filin harbi na iya jefa shi cikin matsala. In kana cikin wannan rukuni, ka ga lauya tukuna. Jihohi ma kowace da nata: a Kalifoniya da New York ba a yarda da sayar da magazin da ya wuce harsashi 10 ba.

Gargaɗi ga masu karatu daga gida: a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallakarsu sai da lasisin shugaban ƙasa. Wannan jagora ta wanda doka ta ba shi izini ce a inda yake zaune. Kuma kada wanda ya yi gigin cusa bindiga, ko magazin, ko harsashi ɗaya a cikin kayan da zai aika gida. Laifi ne babba a can, laifi ne babba a nan.

2. Haɗa kayan gwaji

Ita bindigar takan kama tsakanin dala 550 zuwa 650, gwargwadon shago da samfuri. Ga abin da gwajin kansa ke buƙata:

Harsashin atisaye mai rigar jan ƙarfe, wanda ake rubuta wa FMJ a kwali, aƙalla 300. Kwali mai 50 yakan tashi dala 13 zuwa 20. Kada ka sayi iri ɗaya. Ka haɗa masu nauyin giren 115, da 124, da 147 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne), daga kamfanoni biyu ko uku. In kana da niyyar ajiye bindigar don tsaron gida, ka ƙara da kwali biyu na harsashi mai rami a baki, irin su Federal HST ko Speer Gold Dot. Waɗannan suna da tsada, ɗaya yakan haura dala guda.

Sai tabarau na kariya, da toshiyar kunne ta soso, da marufin kunne a sama da ita. Ƙarar fistol mai milimita 9 tana kaiwa wajen desibel 160, alhali daga 140 kunne ke iya lalacewa nan take, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. A filin harbi na cikin gini, inda ƙara ke dukan bango ta dawo, ka haɗa biyun.

Sauran ƙananan kaya: takardun harbi, tef, rula, alƙalamin maka, buhun yashi biyu, harsasan roba na bogi guda biyar, kayan wanke bindiga, da littafin rubutu. Kuɗin shiga fili yakan kama dala 15 zuwa 25. Akwatin ƙarfe mai kulle shi ma ka sa shi a lissafin farko, musamman a gidan da ke da yara. Ana samun mai kyau daga dala 100.

Gargaɗi: kamfanin Glock ya hana amfani da harsashin da wani ya sake ɗurawa a gida, kuma harsashin dalma tsirara ba ya shiri da irin bututunta. Arha ba ta kai wannan kasadar ba.

3. Duba ta a gida, babu harsashi a ɗakin

Ƙa'idoji huɗu ne ake aiki da su a ko'ina, waɗanda Jeff Cooper ya yaɗa: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya lalatawa ba, yatsanka ya zauna a wajen kunama har sai saiti ya hau abin da za ka harba, ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa.

Ka kai harsasai wani ɗaki ka rufe. Ka cire magazin tukuna, sannan ka ja marfin sama mai zamewa, wanda ake kira silaid, ka kulle shi a baya. Ka leƙa makwancin harsashi da ido, ka kuma sa ƙaramin yatsa ka taɓa.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki: ba a kwance Glock sai an danna kunama. Nan ne mutane ke harbin tafin hannunsu ko cinyarsu. Yadda abin ke faruwa kusan kullum ɗaya ne: mutum ya ja silaid kafin ya cire magazin, harsashi ɗaya ya fita wani ya shiga, sannan ya cire magazin yana ganin ya gama. Magazin ne farko, silaid na biyu. Ka duba sau biyu, ka juya bakin zuwa inda ba kowa, sannan ka danna.

Da ka kwance ta kashi huɗu za ka gani: gangar jiki, silaid, bututu, da sifirin. Ka ɗaga bututun ka hango haske ta cikinsa, ka tabbatar ba datti ba tsatsa. A cikin silaid, wajen layukan da yake zamewa a kai, za ka ga wani maiƙo mai launin jan ƙarfe. Kamfani ne ya shafa, ba datti ba ne, ka bar shi. Ka goge bututu, ka ɗiga mai kaɗan a wuraren da littafin bindigar ya nuna. Ramin da allurar harbi ke gudu a ciki kuwa a bushe ake barinsa, domin mai a wurin yana tara ƙura har allurar ta riƙa bugu ba ƙarfi.

Kafin ka tashi, ka ɗauki maka ka rubuta 1, 2, 3 a gindin magazin ɗinka. Za ka ga amfanin wannan a mataki na biyar.

4. Gwada yadda ta zauna a hannunka

Wannan gwaji ba ya cin ko sisi, amma shi aka fi tsallakewa. Har yanzu bindigar ba harsashi.

Ka riƙe ta da hannun da kake aiki da shi, tsakanin babban yatsa da manuni ya hau can sama ya matse a ƙarƙashin wutsiyar mariƙi, bututun ya miƙe da damtsenka. Yanzu ka miƙa manuni zuwa kunama. Tsokar gaɓar farko ce ya kamata ta kwanta a kanta, ba tare da ka murɗa hannu ba. In sai ka karkata riƙon kafin yatsa ya kai, mariƙin ya yi maka girma. In kuma yatsan ya zarce har gaɓa ta biyu, ya yi maka kaɗan. Glock Gen5 tana zuwa da faifan roba da ake ƙarawa a bayan mariƙi, matsakaici da babba, ana maƙala su da ɗan fil guda. Ka gwada kowanne. Matan da ke da ƙaramin hannu galibi sun fi jin daɗinta ba tare da an ƙara komai ba.

Sai ka ɗora hannu na biyu ya rufe gurbin da ya rage, manyan yatsu biyu suna kallon gaba. Ka zaɓi wani ɗigo a bangon da ba kowa a bayansa, ka rufe ido, ka ɗaga bindigar, ka buɗe. Ina saitin gaba yake? In kullum sama yake kallo, kusurwar mariƙin ce ba ta saba da wuyan hannunka ba, kuma wannan sananne ne ga wanda ya saba da wata bindigar kafin ya zo Glock. Atisaye na gyara shi, amma ka rubuta.

Ka gwada danna maɓallin sakin magazin ba tare da ka sauya riƙo ba. Ka duba ko babban yatsanka yana hawa kan ɗan ƙarfen da ke kulle silaid, domin in yana hawa, silaid ba zai tsaya a baya ba bayan harsashin ƙarshe, kai kuma ka zargi bindiga.

Ka san idon da ya fi rinjaye a wurinka. Ka haɗa hannu biyu ka bar ɗan rami a tsakiya, ka hango wani abu ta ciki, ka rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin ya ci gaba da zama a ramin shi ne mai rinjaye. Akwai na-dama da yawa masu rinjayen idon hagu, su ɗan juya kai kawai suke buƙata.

Na ƙarshe kunama. Ta Glock tana buƙatar nauyin kusan kilo 2.5 kafin ta saki. Ka ja a hankali: za ka ji sako-sako da farko, sai ka ci karo da tauri, sai ta saki. Ka riƙe ta a danne, ka ja silaid ka saki, sannan ka sassauta yatsa sannu har ka ji ƙas. Wannan ƙas ɗin shi ne inda kunama ta sake ɗanuwa. Ka saba da wuraren nan uku kafin ka yanke hukunci cewa kunamar ba ta da kyau.

5. Ranar farko a fili: shin tana tashi kowane lokaci?

Yau ba ranar neman tsakiya ba ce. Abin da kake son sani shi ne ko bindigar tana ci, tana harbawa, tana tofar da kwanso ba tare da tangarɗa ba. Ka sa takarda a yadi 7. Ka fara da harsashi ɗaya a magazin, sannan biyu, sannan biyar, kafin ka cika. Sabon magazin yana da taurin sifirin, na 14 da na 15 sai da ƙyar suke shiga; ka yi amfani da ɗan abin ɗurawa da ke cikin akwatin.

Ka harba 150 zuwa 200, kana juya magazin ɗin uku da nau'o'in harsashin. Duk lokacin da wani abu ya faru, ka tsaya ka rubuta abu huɗu: harbi na nawa, magazin mai lamba nawa, wane harsashi, me ya faru. Ko kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita ta cikinta, ko harsashi ya ƙi hawa, ko allura ta buga bai tashi ba, ko kwanso yana dawowa yana dukan goshinka. In matsalar kullum a magazin mai lamba 2 take, ka gano mai laifi, kuma sabo bai wuce dala 25 zuwa 30 ba. In a harsashi iri ɗaya take, ka daina sayensa. In kuma ba ta bin magazin ba ta bin harsashi, ka ba wani gwani ya harba. Sau da yawa sakin wuyan hannu ne: silaid yana buƙatar abin tokara mai ƙarfi kafin ya kai ƙarshen tafiyarsa.

Gargaɗi biyu a nan, kuma ina roƙonka ka riƙe su. In ka danna ka ji ƙas ba ƙara, kada ka juyo da bindigar kana leƙe. Ka bar bakinta yana kallon gaba na daƙiƙa 30, domin wani harsashin yakan yi jinkirin tashi. In kuma ka ji ƙarar ta yi rauni, shurin ma bai kai yadda ka saba ba, ka tsaya cak. Mai yiwuwa kan harsashin ya maƙale a cikin bututu, kuma na biyu in ya biyo shi bututun na iya fashewa a hannunka. Ka cire magazin, ka kira jami'in fili, a duba.

Da ka gama ka dubi hannunka. Jan tabo a gaɓar yatsan tsakiya, inda yake gugar ƙarƙashin zoben kunama, ko ƙujewa a bayan hannu inda silaid ya ciza, duk bayani ne, su ma su shiga littafi. Ka wanke hannu da fuska da sabulu da ruwan sanyi kafin ka ci wani abu, saboda ƙurar dalma, kuma kada ka ɗauki jariri da rigar da ka yi harbi da ita.

6. Gwajin saiti a kan buhun yashi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ka ware masa rana dabam, lokacin da hannunka bai gaji ba. Manufar ita ce ka cire kanka daga lissafi gwargwadon iko, a ga abin da ƙarfen kansa zai iya.

Ka zauna a benci. Buhu ɗaya a ƙarƙashin gaban gangar bindigar, ɗaya a ƙarƙashin wuyan hannuwanka. Kada silaid ya taɓa buhu, kada gindin magazin ya zauna a kan katako, domin duka biyun suna sauya inda harsashi ke sauka. Ka sa takarda mai ɗan ƙaramin baƙin ɗigo, wanda kake iya gani sarai amma bai fi saitin gaba faɗi da yawa ba. Babban ɗigo yana sa ido ya yi ta yawo.

Ka daidaita saiti: kan na gaba ya yi daidai da kan na baya, hasken da ke gefe da gefe ya zama ɗaya. Idonka a kan saitin gaba, takardar ta ɗan yi dishi-dishi, haka ake so. Ka ja numfashi, ka saki rabi, ka matsa kunama a hankali har ta saki ba tare da ka san daidai lokacin ba. Harbi biyar a ɗigo ɗaya, kuma kada ka leƙa takarda tsakanin harbi da harbi. Wannan kuskure ne da ke ɓata gwaji: mutum ya ga na farko ya sauka hagu, sai ya ɗan karkata dama don ya rama, a ƙarshe bai san komai game da bindigar ba. Wuri ɗaya za ka auna sau biyar, ko ina suke sauka.

Ka fara a yadi 15, in ramukan sun taru ka matsa zuwa 25. Kowane irin harsashi ka yi masa rukuni uku zuwa biyar, domin rukuni ɗaya sa'a na iya shiga ciki. Wajen awo, ka nemi ramuka biyu da suka fi nisa da juna, ka auna daga gefen waje zuwa gefen waje, ka cire faɗin harsashi, wato milimita 9. Abin da ya rage shi ne girman rukunin. Kada ka zubar da ramin da ya fita dabam don kawai ya ɓata maka lissafi, sai fa in tun lokacin harbin ka ji hannunka ya motsa kuma ka faɗa kafin ka duba. A kan kowace takarda ka rubuta kwanan wata, nisa, da sunan harsashi, ka ɗauke ta hoto.

Bindigar aiki irin wannan in ta tara harbi biyar cikin inci 2 zuwa 4 a yadi 25, lafiyarta ƙalau. Za ka kuma lura wani harsashin ya fi wani taruwa, kuma mai nauyin giren 147 yakan sauka sama kaɗan da mai 115. Abu biyu kake nema a takardar, kada ka haɗa su: taruwar ramuka dabam, wurin da suka taru dabam. Ramukan da suka taru amma a gefe, gyaran saiti ne mai sauƙi. Ramukan da suka warwatse kuwa ba saitin da zai tara su.

7. Raba laifinka da na bindiga

Yanzu ka miƙe tsaye ka maimaita a yadi 7 da 15, hannu biyu ba buhu. Bambancin da ke tsakanin wannan takarda da ta benci, kai ne. In kai na-dama ne kuma ramukanka suna gangarawa ƙasa ta hagu, alhali a benci suna tsakiya, kada ka taɓa saiti. Hannunka ne ke dannawa ƙasa don tarbar shuri kafin harsashi ya fita. Bahago nasa ƙasa ta dama suke zuwa.

Ga yadda za ka kama kanka. Ka ba abokin tafiyarka magazin ya cusa harsasan roba biyu ko uku a tsakanin na gaske ba tare da ka ga inda ya sa su ba. Ka ci gaba da harbi. Da ka iso kan na roba, za ka ji ƙas, ka kuma ga bakin bindigar ya yi sujada a gabanka. Gani ya kori ji. Maganinsa atisayen danna kunama a gida ba harsashi, minti goma a rana, da darasi a wurin ƙwararren mai koyarwa. Kuɗin darasin yini guda bai kai na jan ɗigo mai kyau ba, wato saitin lantarki da ake ɗaurawa a kan silaid, kuma a ganina ya fi shi amfani ga sabon mai harbi nesa ba kusa ba.

8. Gyara saiti in takarda ta nuna

In rukunan benci duka sun taru a gefe ɗaya, kuma wani gwani ya harba ya samu haka, to a motsa saitin baya. Ƙa'idar ita ce ana tura shi zuwa inda ake son harsashi ya koma. Lissafin kuwa: kaucewar da aka samu, sau tazarar da ke tsakanin saiti biyu, a raba da nisan takarda. A Glock 19 tazarar kusan inci 6 ce, yadi 25 kuma inci 900 ne. In rukuninka ya kauce hagu da inci 3, to 3 sau 6 a raba da 900 ya ba da 0.02 na inci, wato kusan rabin milimita zuwa dama. Ka ga ƙanƙantar abin. Shi ya sa guduma ba ta dace ba. Akwai na'urar tura saiti, ko ka kai wa mai gyaran bindiga ya yi maka a 'yan mintuna. Ka ja layi da fensir kafin a motsa don ka san inda aka taso. In matsalar sama ko ƙasa ce, tsayin saitin gaba ake canjawa: gajere yana ɗaga harbi, dogo yana sauke shi.

9. Kayan ƙari, ɗaya bayan ɗaya

Yanzu ka buɗe littafinka. Duk abin da ba ka rubuta ƙorafi a kansa ba, ba ya buƙatar canji.

Saiti shi ne abin da na fi yarda a canja a Glock, domin na kamfani na roba ne, yana iya gocewa ko ya ci rauni in ya bugu. Na ƙarfe daga Trijicon ko Ameriglo yakan kama dala 50 zuwa 130. Masu haske da dare suna ɗauke da sinadarin tiritiyom, wanda haskensa ke raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, don haka kada ka sayi tsohon da ya daɗe a shago.

Kube na biye, in doka ta ba ka izinin ɗauka a jiki. Ya zama mai tauri, wanda aka ƙera don wannan samfurin, ya rufe kunama ruf. Kube mai laushi yana iya lanƙwashewa ya shiga zoben kunama lokacin mayarwa. In za ka sa tocila irin Streamlight TLR-7, ka saye ta kafin kube, domin tana canja siffar bindigar. Kuma ka tuna duk abin da ka haska da tocilar bindiga ka nuna shi da bindiga ne. Ta hannu dabam ake leƙa tsakar gida da ita.

Jan ɗigo yana taimakon wanda idonsa ya fara gajiya, wanda saitin gaba ke yi masa hazo. Samfurin Glock mai alamar MOS an riga an yanka masa gurbi. Holosun 507C yakan kama wajen dala 300, Trijicon RMR kuma ya haura 450. Wajen ɗaurawa ka goge notuna da gurbinsu daga mai, ka ɗiga shuɗin gam na noti, ka ɗaure da sukudireba mai auna ƙarfi daidai adadin da kamfanin ya rubuta, ka bar shi kwana guda ya bushe. Jan gam ba ya kwancewa sai da wuta, ka guje shi. Noti da ya yi tsawo kuma yana iya taɓa kayan da ke fitar da kwanso a cikin silaid, sai bindigar da ba ta taɓa tangarɗa ba ta fara. Ka ɗiga fenti a kan kowane noti da gefensa, in ya fara kwancewa za ka gani.

Kunama ita ce ta ƙarshe, kuma a bindigar tsaron gida shawarata a bar ta. Glock tana da matakan kariya uku a ciki: ɗan harshen da ke tsakiyar kunama, da abin da ke tare allura, da wanda ke hana ta tashi in ta faɗi. Kunamar kasuwa da aka rage wa tafiya fiye da kima tana iya raunana su, kuma kamfani na iya janye garanti. In bindigar ta gasa ce kuma ka ga lallai sai an canja, ƙwararre ya sa, ya gwada kariyar uku a gabanka.

Gargaɗi: akwai wani ɗan ƙarfe da ake tallarsa a ɓoye a intanet, wanda ke sa bindiga ta riƙa harbi ba tsayawa. A dokar tarayya shi kansa ana lissafa shi a matsayin bindiga mai sarrafa kanta, ko ba a ɗaura shi ba, kuma hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 10, ga kora daga ƙasa ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Na'urar rage ƙara da abin tokarawa a kafaɗa su ma sai da rajistar ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi.

10. Sake gwaji bayan kowane canji

Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. In ka sa kunama da sifirin da bututu rana ɗaya, bindiga ta fara maƙalewa, ba ka da hanyar sanin wanne ne ya jawo. Bayan kowane canji ka koma benci da harsashin da ya fi taruwa a gwajin farko, nisa ɗaya, buhu ɗaya, ka jera sabuwar takarda kusa da tsohuwa. Ka ƙara da harbi 100 na atisaye, da aƙalla magazin biyu na harsashin tsaro, ka ga ko tana ci lafiya. In rukunin bai ragu ba, hannunka bai fi jin daɗi ba, ko tangarɗa ta ɓullo, ka cire abin ka mayar da na asali. Saboda haka kayan kamfani da ka cire ka zuba su a leda, ka rubuta sunansu da kwanan wata, ka ajiye tare da rasit a cikin akwatin bindigar. Za ka neme su ranar da za ka aika ta gyara a ƙarƙashin garanti, ko ranar da za ka sayar ta hannun dillali.